Ni Dai Batman Bai Burge Ni Ba

Akwai maganar da idan ka furta a gaban masoya littattafan zane, sai a daina amsa maka sallama: cewa Batman attajiri ne kawai da ya rasa inda zai kai kuɗinsa. To, ni na faɗa.

Tun 1939 da Bob Kane da Bill Finger suka ƙirƙiro shi a mujallar Detective Comics, bawan Allahn nan ke yawon dare a birnin Gotham da kunnuwan jemage, yana jibgar ɓarayi. Sama da shekara 80, garin bai gyaru ba. Da ɗan kwangila ne, da tuni an ƙwace aikin. Ya kama abokin gabarsa Joker, a kai shi asibitin mahaukata na Arkham, kafin Batman ya gama cire takalmi mutumin ya tsere. Haba Bruce Wayne (sunansa na gaskiya ke nan)! Kuɗin tayar motar nan taka guda ai ya isa a yi wa Arkham katanga da ƙofa mai kwaɗo.

Batman ɗin nan fa ba ya tashi sama, harsashi na huda shi. Ga ɗauko maraya, Robin, a sa shi dambe da 'yan daba lokacin da sa'o'insa ke barci.

Wanda nake tausaya wa shi ne dattijo Alfred, mai yi masa hidima: shi ne girki, shi ne ɗinkin rauni, shi ne zaman jira har asuba. A wurina shi ne jarumin labarin. Masoya Batman, ku yi haƙuri, ba zan janye ba.