Manhajar tikiti ta je makarantar sankira

Injiniyan da aka ba aikin gyara manhajar sayar da tikiti don mutanen Dungu, ya ajiye kwamfuta tukuna. Ya hau kabu-kabu zuwa Matamaye ran kasuwa, ya saurari sankira. Cikin numfashi ɗaya mutumin zai faɗi wanda zai yi wasa, da filin, da lokacin, da kuɗin ƙofa. Manhajar da ke neman latsi bakwai kafin ta kai nan, ta zauna ta ɗauki darasi.

Babban aikin yana wurin sunaye. Takardar gwamnati ta ce Doungou, baki ya ce Dungu. Taswira ta ce Zinder, direban tasha yana kiran Damagaram. Wani zai rubuta Kantché, wani Kance. Wannan kokowa, wancan kokawa, ɗan lakwal kuma ya zubo Faransanci. Akwatin bincike ya karɓe su duka hannu bibbiyu, kada ya ce wa bawan Allah "ba a samu ba" alhali ganga na tashi a bayan gidansu. Wanda karatun boko bai ratsa shi ba, a sa masa maɓallin murya, tunda WhatsApp ya riga ya koya wa kowa danna-ka-faɗi.

Ɗan kallo kuma gwani yake nema. Tun 1975, da aka fara gasar kokowa ta takobi a Tawa, Kantu na Maraɗi ya ɗauka, mutanen Nijar sunan ɗan kokowa suke bi. Wanda ya rubuta Isaka Isaka, a nuna masa karonsa na gaba, ko a filin Langa-Langa na Damagaram ne ko a Doso. Bayan kaka, a ɗora kokowar ƙauyuka a sama. Salla ta matso, a fito da hawan sarki.

Lokaci a rubuta shi "bayan la'asar". Kuɗi kuwa da taka-tsantsan: in manhaja ta ce 500, ta ƙara da "dala ɗari", don kada tsoho ya lissafa dala ɗari biyar ya fasa fita.

Saura rezo, mai zuwa da tafiya kamar baƙon damina. Hotuna su zama marasa nauyi, biya ya bi ta Airtel Money ko Nita, lambar tikiti ta sauka ta saƙon tes, yadda mai ƙaramar waya zai miƙa ta a bakin ƙofa a duba, ya wuce ya kama wuri kusa da makaɗa.