Jikokin Fatake a Tsaunin Mambila

Kakanninmu fatake sukan tashi daga Kano da jakuna, su yi wata da watanni kafin su isa Gwanja sayen goro. Inda rana ta faɗi nan ne zango, tabarma da gora sun ishe su. To, mu biyar a majalisarmu muka ce jinin nan yana nan a jikinmu, za mu yi mako guda a Mambila ta jihar Taraba, kwana a tanti kamar yadda muke gani a Facebook.

An sa tashi da asuba. Mun tashi bayan la'asar, domin Alhaji, ɗaya daga cikinmu, sai da ya yi sallama har da surukan maƙwabcinsa. Kayan zangon kuwa: katifa biyu, janareto, buhun shinkafa, kula uku, babbar riga mai sitaci saboda hoto, da fanka. Na ce, "Alhaji, fanka a Mambila?" Ya ce, "Malam, mai guzuri ba ya kunya."

Muka bi Bauchi, Gombe, Numan, Jalingo, Bali har Serti, mashigar gandun dajin Gashaka Gumti, wanda ya fi kowane gandu girma a Najeriya. Direba ɗaya muka ɗauka, amma huɗu ne ke tuƙi da baki daga baya. Duk wanda muka tambaya saura nawa, sai ya ɗaga haɓa ya ce, "Nan gaba kaɗan ne." Wannan kaɗan ɗin ya ci mana kwana biyu.

Daga Mayo Selbe aka fara hawa, kwana bayan kwana, dutse a hannu ɗaya, rami a ɗayan. Motar ta yi tsit. Masu tuƙi da baki suka koma salati. Alhaji ya damƙi hannuna ya ce ya yafe mini bashin dubu ashirin, duniya da lahira. Muna isa Maisamari ƙasa ta daidaita, ya saki hannun ya ce, "Malam, ai ka san magana a kan tudu ba ta ɗaure mutum."

Saman tsaunin ya kai kimanin mita 1,600. Ciyawa shar, shanu ko'ina, sanyi kuwa ya sa hunturun Kano ya zama wasan yara. Kusa da Nguroje muka sauke tanti. Dukkanmu gwanaye ne, kowa ya taɓa gani a bidiyo, don haka har isha'i tantin na kwance kamar shanya. Fanka dai ta yi amfani: da ita muka danne gefe guda kada iska ta tafi da shi.

Wani dattijo Bafulatani ya zo ya tsaya yana kallonmu. Can ya ce, "Bayin Allah, gobara aka yi a garinku?" Muka ce a'a, shaƙatawa muka zo. Ya girgiza kai, ya kai mu ɗakin baƙinsa, ya hura mana wuta, ya kawo kindirmo. Da safe muka kafa tantin da taimakon jikansa ɗan shekara goma, Alhaji ya saka babbar riga, muka yi hoto, muka naɗe.

A Kakara, gaban gonar shayin da ake kai wa garuruwanmu, muka zauna muka dafa ganyen da muka sayo a kasuwar Singa. Chappal Waddi kuwa, ƙololuwar da ta fi kowace tsawo a Najeriya, mita 2,419 a kan iyakar Kamaru, sunanta kawai muka ji. Tudu ɗaya muka hau da ƙafa a bayan Gembu, shi ma neman sabis ne ya kai mu. Amma a ƙarƙashin hoton Alhaji ya rubuta, "Yau mun taka kan Najeriya."

Fatake sukan dawo da goro. Mu mura muka dawo da ita, da waya cike da hotuna. A majalisa yanzu labarin ya yi ƙiba: mun kwana bakwai a daji, har damisa ta shinshini tantinmu. Ni dai ba na musu, domin duk ranar da na yi gyaran murya sai Alhaji ya tuna da dubu ashirin ɗinsa.