Tsakanin Kara da Ɗakin Gwaji

Duk ɗalibin da Allah Ya ƙaddara masa karatun kimiyyar dabbobi a jami'ar Wudil, wadda aka kafa a 2001 aka kuma sauya mata suna zuwa na Aliko Dangote a 2022, in dai aljihun mahaifinsa bai isa ya ɗauke masa ɗawainiyar abinci da takardu ba, to wajibi ne ya kasa yininsa, asuba da yamma ga turken wani mai hali, hantsi da azahar ga ɗakin gwaji, ranar Juma'a kuwa, da yake ita ce ranar da kasuwar shanu ke ci, in an cire lokacin salla sauran duk na kara ne. A cikin wannan kai da kawowa kuwa zai gamu da jinsunan Bani Adama waɗanda babu littafin da ya yi sharhinsu.

Shugabansu, wanda ya cancanci babi guda shi kaɗai, shi ne Alhaji mai turke, wanda ke tara balami da uda tun watan Rajab domin Babbar Salla. Daga ranar da ya ɗauke ka aiki sunanka ya zama Dakta, kuma yana faɗinsa da ƙarfi ne musamman in akwai baƙi a zaure, har ka ji kanka ya kumbura alhali tsintsiya ce a hannunka kana share kashin tumaki. Yakan nemi fatawarka a kan kowace mas'ala, ya saurara cikin ladabi har ka gama bayanin tsutsar ciki da ma'aunin dusa, sa'an nan ya gyaɗa kai ya ce, "Madalla da ilimi, Dakta, amma a ƙara musu kanwa." In rago ya yi ƙiba, albarkar kiwon da ya gada ce daga mahaifinsa, in ya kama zawo kuwa, sai a tuna cewa ɗan boko ne ya dama dusar. Ba ya ƙyashin bayar da aronka ga jama'a, domin zai aiko maka da kajin maƙwabta, da jakin mai unguwa, wata rana har da gwiwar surukarsa, bisa hujjar cewa ƙashi dai ƙashi ne. Amma idan wata ya mutu ka matso kana sosa ƙeya, nan take zai buɗe maka bahasin tsadar harawa da ƙowa, ya bi da falalar mai neman ilimi, ya rufe da addu'a doguwa wadda ba ka da ikon katsewa, har ka shafa ka tashi kana godiya. Sai dai a faɗi gaskiya, ranar Salla cinyar ragon nan takan iso ɗakinka, saboda haka ban iya riƙe shi a zuci ba.

A kara akwai dillalin da ke buɗe bakin bijimi ya rantse a kan shekarunsa kafin ya dubi haƙoran, ya rage ɗaya in yana gefen mai sayarwa, ya ƙara biyu in yana gefen mai saye, la'adarsa kuwa ba ta motsi. Akwai makiyayin da zai yarda ka ɗibi jini a kunnen bunajinsa, amma sai ya raka ka da ido har bakin gada yana tunanin abin da za a haɗa da shi.

Ɗakin gwaji ma yana da nasa. Mai farar riga yakan iso a goge, ya ɗauki hoto a gefen madubin likita, ya fice kafin a jiƙa kashin shanu a ruwan gishiri. Mai toshe hanci yakan ja kujerarsa nesa da kai saboda warin bunsuru, amma da lokacin miƙa rahoto ya yi sai hancin ya warke. Mai kashafi kuwa, kowace ƙura ya gani a kan gilashi ƙwayar sammore ce. Akwai kuma wani mai ɗora ido a kan madubi ya daɗe bai motsa ba, malami yana yaba nutsuwarsa, alhali tun asuba yake ɗaukar ruwa a turke, barci ne ya sace shi. Wannan ina da dalilin rufa masa asiri.

Wanda raha ke ƙare mini a kansa shi ne ɗan allura, mai yawo da sirinji ɗaya da kwalbar teramaisin a aljihu, wanda zai ga saniya tana fama da ciwon huhu ya danna mata allura daren Alhamis domin ta iya tsayuwa a kara, a sayar da ita a matsayin lafiyayya, ta hau tirela zuwa kudu ko ta faɗa hannun mahauci kafin maganin ya bar jikinta. A jikin kwalbar an rubuta kwanakin da za a jira kafin yanka ko tatsa, ya kuwa iya karatu sarai. Naman nan yara ne za su ci, ƙwayoyin cuta kuma su saba da maganin har ya daina aiki ga dabba da mutum. Malaman fiƙihu sun gama magana a kan ɓoye aibin haja tun kafin a ƙera madubin likita: algus ne, haramun ne. Shi ma Dakta ake ce masa a kasuwa.

Saboda haka, ya kai mai karatu, in ka je sayen ragon layya bana, bayan ka duba ido da ƙafa da haƙora, tambayi mai shi yaushe aka yi masa allura, kuma wane ne ya yi.