Yadda Ake Tara Tsofaffin Littattafan Zane Ba Tare da Dangi Sun Kira Taro a Kanka Ba

A watan Afrilun 2024 wani mutum ya zube dala miliyan 6 ya sayi mujallar yara ƙwaya ɗaya. Ita ce fitowar farko ta Action Comics, wadda aka buga a Amurka a 1938 ana sayar da ita santi 10, kuma a cikinta Superman ya fara bayyana. Masu iya magana sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Idan jin wannan labari ya sa zuciyarka ta koma kan adakar da ke ƙarƙashin gadon kawu, to ɗan'uwa, ciwon ya kama ka. Tunda ba a warkewa, ga yadda ake zama da shi lafiya.

Na ɗaya: ka gode wa masu shara

An buga Action Comics ɗin nan wajen kwafi 200,000, amma ana ƙiyasta kimanin ɗari ne suka tsira. Sauran kuwa, yara sun yayyaga, iyaye mata sun share, an kwashe wasu lokacin Yaƙin Duniya na Biyu da ake tara takardu don sake sarrafawa, wasu kuma an cinna musu wuta a ƙarshen shekarun 1940 bisa zargin suna lalata tarbiyya. Kowace uwa da ta zubar da guda ta ƙara wa na maƙwabta daraja. A 1991 kuwa X-Men mai lamba 1 ta sayu sama da kwafi miliyan 8, kowa ya saya ya ɓoye yana jiran arziki, shi ya sa har yau ake samunta da araha. Don haka kafin ka tambayi shekarun littafi, tambayi nawa suka rage.

Na biyu: kada ka nuna wa surukai

A 2013 wani mai gyaran gidaje a jihar Minnesota yana fasa bangon tsohon gida sai ya tsinci irin wannan Action Comics a cikin tsofaffin jaridun da aka cusa don tare sanyi. Da murna ta kwashe shi ya nuna wa dangin matarsa. Gwaggon matar ta fizge, shi ma ya fizgo, bangon baya ya yage. Masana suka ce yagewar ta ci wajen dala 75,000. An dai sayar da littafin dala 175,000, fiye da kuɗin gidan sau da yawa. In ka yi tsintuwa, ka yi hamdala a zuci, ka kulle, sannan ka fito ka gaida gwaggo da ladabi.

Na uku: ka san maki

Akwai kamfani a Florida mai suna CGC da aka kafa a 2000, aikinsa duba littafi ya ba shi maki daga 0.5 zuwa 10. Lanƙwasar kusurwa, tsatsar ƙarfen ɗinki, sunan da yaro ya rubuta da biro, duk suna rage maki, kuma tazarar rabin maki na iya zama kuɗin mota. Bayan an duba sai a rufe littafin cikin roba mai ƙarfi, in ka fasa makin ya tashi. Wato ka sayi labari an hana ka karantawa. Maganin abin shi ne ka nemi sabon bugu mai araha na wannan labarin, ka karanta shi a kan tabarma har ya gaji. Wanda ke tara littafin da bai san abin da ke ciki ba, mai gadi ne kawai.

Na huɗu: ka leƙa bugun wasu ƙasashe

Nan daɗin yake, nan kuma aljihu ke samun sauƙi. A Beirut an fara buga Superman da Larabci a 1964, aka raɗa wa Clark Kent, wato Superman a rayuwarsa ta yau da kullum, suna Nabil Fawzi. Duk wanda ya yi makarantar Islamiyya zai iya bin wannan bugu daga dama zuwa hagu, ya ga jarumin yana ceton duniya da nahawu. A Meziko, farkon shekarun 1970, labaran Spider-Man da ake turowa daga Amurka sun kasa isar kamfanin La Prensa, sai ya sa mai zanensa José Luis Durán ya ƙirƙiro sababbi, har da fitowar da bangonta ya nuna bikin Spider-Man da budurwarsa Gwen Stacy, auren da ba a ɗaura ba a ainihin labarin Amurka. Na Ingila kuma sai mai kaifin ido: littafi ɗaya, injin bugu ɗaya, amma a kusurwa an sa farashin Ingila, 9d, maimakon santi 12, kuma kaɗan aka buga. Masu Faransanci su nemi Tintin na Hergé ɗan Beljiyam, wanda ya fara fitowa a 1929, da littafin Asterix na farko na 1961, wanda kwafi 6,000 kacal aka buga. Ka zaɓi layi guda ka bi. Mai son komai da komai ɗakinsa ne zai cika, zuciyarsa ba za ta cika ba.

Na biyar: ka fara da gida

A 1975 aka fito da Powerman musamman don kasuwar Najeriya, jarumi baƙar fata da ba abin da ke karya shi sai saran maciji. Masu zanensa samari ne biyu 'yan Ingila, Dave Gibbons da Brian Bolland, kuma Gibbons ɗin ne daga baya ya zana Watchmen. Kafin Powerman akwai African Film ta kamfanin Drum, mai ba da labarin Lance Spearman da hotuna. Akwai Ikebe Super ta Wale Adenuga daga 1976, inda Papa Ajasco ya fito. A ƙasashe masu Faransanci yara sun taso da Kouakou. Waɗannan an karanta su hannu zuwa hannu har suka narke, ba wanda ya yi tunanin ajiyewa. Ka kai wa kawu goro, ka zauna ka saurari dukan labarin zamaninsa, sai a ƙarshe ka tambayi adaka.

Na shida: ka san maƙiyanka

Gara ce sarauniya, ɓera da kyankyaso fadawanta. Laimar damina tana kawo tsatsa da fumfuna, rana tana cinye launi. Sa kowane littafi a leda mai tsabta da kwali a bayansa, ka jera su a tsaye, nesa da ƙasa da bango. Kada ka kusanto da salatif, domin mannensa yana barin tabon da ba ya fita. Wanke hannu bayan cin ƙosai. Ka kuma yi wa yaran gida kashedi cewa mai tsire ba ya cikin masu gadon takardunka.

Na bakwai: kada ka taɓa kuɗin cefane

In ka hango abin da kake nema a tulin mai tsofaffin littattafai, ka daure fuska, ka fara taya ƙamus ɗin da ke gefe. In ta intanet ne, ka nemi hoton gaba da baya da shafin tsakiya, domin sabon bugu da na jabu sun yi yawa. Uwargida kuma ka gaya mata farashin gaskiya tun farko. Ita ce za ta yanke hukuncin abin da za a zubar ranar sharar Sallah, kuma shawara ta ɗaya ta nuna maka ƙarfin wannan kujera.

Turawa sun adana nasu, sun yi musu rajista da lambobi. Namu ba mai adana mana su sai mu. Wanda ya ceto Powerman guda daga bakin gara ya ajiye wa jikoki shaidar abin da ya sa kakanninsu dariya da ɗoki, ko da kuwa ba a taɓa taya shi ko sisi ba. In dangi sun kira taron duk da haka, ka je da littafi biyu, ka miƙa wa mafi tsufa a cikinsu, ka ga ko zai yarda ya mayar maka kafin ya kai ƙarshe.