Yadda Za Ka Gama da A-kori-kurarka a Ƙasar Ƙanƙara

Idan Allah ya kai ka Mishigan ko Ohayo ko Ontariyo, ka tara 'yan dalolinka ka sayi a-kori-kura, ina taya ka murna. Mutanen can za su cika maka kunne da dabarun tsare mota daga tsatsa. Nawa darasin daban ne. Zan nuna maka yadda za ka gama da ita cikin 'yan shekaru, inji na nan garau, ba tare da ka zubar da gumi ba.

Da farko ka kwantar da hankalinka, hukuma ta riga ta yi maka rabin aikin. Duk shekara Amurka na watsa gishiri wajen tan miliyan 20 a titunanta, Kanada wajen miliyan 5, don gishiri na hana ruwa daskarewa. Ba sa ma shan wahalar nemo shi. Akwai mahaƙar gishiri a ƙarƙashin birnin Ditiroyit kansa, garin ƙera motoci, akwai wata a Goderich ƙarƙashin Tafkin Huron, wadda duk duniya babu mahaƙar gishiri ta ƙarƙashin ƙasa da ta kai ta girma. A sama ana ƙera mota, a ƙasa ana haƙo abin da zai cinye ta. In sanyi ya tsananta har gishiri irin na miya ya gaza, sai a kawo 'yan'uwansa, kalsiyam kulorayid da magniziyam kulorayid, masu zuƙar danshi daga iska. Waɗannan su ne abokanka na amana. Ko titi ya bushe, suna nan manne a ƙasan motarka da laimarsu, ba hutu ba yajin aiki.

Naka kawai kada ka dame su. Ka riƙa wanke mota, amma daga sama. Ka goge bodi har mai wucewa ya gyara hularsa a jikinta, ka rataya abin ƙamshi a madubi. In mai wankin mota ya ce ka ƙara 'yan daloli a fesa wa ƙasan ruwa, ka ce masa kai ba baƙo ba ne a garin. Wa ke leƙa ƙasan mota? A 2015 hukumar kula da lafiyar motoci ta Amurka, bayan ta gama binciken bututun birki da ke ruɓewa a manyan motocin kamfanin GM, ta shawarci masu tsofaffin motoci a jihohin gishiri su riƙa wanke ƙarƙashinsu cikin hunturu da bayan wucewarsa. Shawarar gwamnati ce dai, ka san yadda muke yi da ita.

Sai ka nemi gareji mai ɗumi. Motar da ta kwana a waje, ƙanƙarar jikinta a daskare take, tsatsa kuwa ragguwa ce a cikin sanyi. Shigar da ita ɗaki mai hita kowane dare, dusar ta narke, ruwan gishiri ya bi kowane lungu, ɗumi ya ƙara masa kuzari.

Babban darasin yana wajen shasi. A-kori-kura ba irin ƙaramar mota ba ce, bodinta a zaune yake kan wasu dogayen ƙarafa biyu, su ke ɗauke da inji da kaya da kai kanka. A motoci da yawa ƙarafan nan rufaffu ne ta kowane gefe, da 'yan ramukan da ruwa zai fita. Laka da gishiri su shiga, ramukan su toshe, shi ke nan an yi zaman dirshan. Kada ka kuskura ka zura tiyo ciki. Tsatsar ciki ita ce gwana, aikinta irin na gara a katako: waje lafiya lau, ciki gari.

Wani zai ce ai tasa Toyota ce, ba ta mutuwa. Allah ya ƙara masa yaƙini, irin wannan tunanin muke so. Injin kam yana da nisan kwana, amma gishiri bai iya karatu ba, balle ya duba tambari. A 2008 kamfanin ya sayi Tacoma ƙirar 1995 zuwa 2000 waɗanda shasinsu ya huje daga hannun masu su, ya biya kuɗin mota ɗaya da rabi. A 2009 ya janye Tundra wajen 110,000, don ƙarfen da ke riƙe da safaya taya na iya ruɓewa ya saki tayar a tsakiyar titi, kyauta ga na baya. A 2016 kuma ya amince da sulhun da aka ƙiyasta zai kai dala biliyan 3.4, kan tsatsar shasin motoci wajen miliyan 1.5. Mai a-kori-kura samfurin F-150 shi ma kada ya ji an bar shi a baya. Tun 2015 bodinta na alminiyam ne, amma shasin ƙarfe ne har gobe.

Da kaka za ka ga maƙwabta na layi a wuraren da ake fesa wa ƙasan mota mai, irin su Krown a Kanada, wasu kuma su sayi Fluid Film, wanda ake yi da maiƙon ulun tumaki. Man yana ratsa lunguna ya kori ruwa, duk shekara a sake. Kai ka guje shi, yana ɗiga a ƙofar gida, kuma bakanike zai ɓata rigarsa. In dole sai ka shafa wani abu, ka jira tsatsa ta kama sosai, sannan ka lulluɓe ta da baƙin fentin roba mai kauri. Zai tsage, ruwa ya shiga ya rasa hanyar fita, kuma babu mai ganin abin da ke gudana. Ga kyau a hoto.

Ranar da ka taka birki ƙafarka ta wuce har ƙasa, ko salansa ta faɗi tana jan wuta a kwalta, ko bakanike ya ƙi ɗaga motar don tsoron kada ta karye biyu, aikinka ya yi kyau. Ka kai ta gwanjo. Da wuya a rasa mai saye, kuma ba mamaki ta hau jirgin ruwa ta sauka Kwatano ko Legas, a wanke ta tas, a ce daga Amurka take, ba ta taɓa ganin ramin titi ba.

Kai kuma Alhaji da ke shirin sayen ta a Kano ko Maraɗi, raha ta ƙare a nan. Ka tambayi jihar da ta fito. Ka tuɓe babbar riga, ka shimfiɗa kwali, ka shiga ƙarƙashinta da tocila da guduma, ka bubbuga shasin tun daga gaba har baya, ka duba bututun birki. In ka ji sauti ya mutu ko ka ga ɓawon ƙarfe na zubowa, ka riƙe kuɗinka.