Masu Kamfani a Cikin Aljihu

Tun da aka sa hannu kan dokar tallafa wa sababbin kamfanonin fasaha a watan Oktoban 2022, ga kuma ɗan gari, Kashifu Inuwa, yana riƙe da hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta NITDA tun 2019, sai shugabannin kamfani suka yi yawa a Haɗejiya. Kowane teburin mai shayi ba ka rasa biyu ko uku, ofis yana cikin aljihu, shayin kuma bashi.

Babbansu shi ne mai jiran a saye shi. Ya haddace labarin Paystack ta Legas, wadda Stripe ta Amurka ta saya a 2020 kan sama da dala miliyan 200, har ya ware wa surukarsa kujerar Makka daga nasa kason. Manhajarsa, in an gama ta, za ta haɗa masunta da masu sarin kifi na Kudu kai tsaye, a sallami dillali. Kasuwar kifin kuwa sau ɗaya ya leƙa, ƙarni ya koro shi. Dillalin da ya nuna wa wayar ya juya ta gaba da baya, ya ce, "Yaro, abin nan naka yana ba da kaya bashi sai an sayar? Yana gane kwalin da aka jera manyan tarwaɗa a sama, ɓurɓushi a ƙasa?" Har yau manhajar tana wajen gyara.

Sai ƙaninsa, mai maganin ambaliya. Shi jirgi marar matuƙi yake so a saya masa, ya riƙa sanar da manoman Auyo da Kafin Hausa cewa ruwa na tafe. Mutanen da suka sha ambaliyar 2020 da ta 2022 sun san da zarar Tiga da Challawa sun tumbatsa, ɗan'uwa a Ringim zai bugo waya kyauta. Damuwarsu kachalar da ta toshe hanyoyin ruwa, da jan-baki mai sauka kan shinkafa ana gobe yanka. Ka tambaye shi wannan, sai ya ce yana cikin kashi na biyu na shirin.

Ɗan bita ba ya buƙatar dogon bayani. Dutse, Kano, Abuja, duk inda ake raba riga da kuɗin mota yana sahun gaba. Takardun shaidarsa sun cika bango.

Ɗan mainin kam abin tausayi ne. Ya yi ta dangwalar waya lokacin manhajar Hamster a 2024 har yatsa ya yi kanta, yana lallashin budurwa da "bari ta fashe". Da ta fashe, abin da ya samu bai mayar da kuɗin data ba. Washegari ya koma wata manhajar, ya kuma sa mahaifiyarsa ta buɗe.

Akwai kuma Alhaji mai jari, wanda ya yi arziki da riɗi da shinkafa. Zai saurare ka tsaf, ya ce, "To ɗana, in na ba ka miliyan ɗaya yanzu, nawa za ta zama da kaka?" Ka ce ai shekara uku na farko asara ake yi don a tara masu amfani da manhaja. Sai ya yi salati, ya ba ka kuɗin acaɓa, ya ce ka gaida babanka. Ni dai ban ga laifinsa ba: buhu a sito ana iya ƙirga shi.

Can gefe kuma ga yaro ƙarƙashin lema da na'urar POS biyu, OPay da Moniepoint, da littafin bashi. Bai taɓa kiran kansa shugaban komai ba. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 manomi da masunci da mai shayi duk ta hannunsa suke bi, kowa ya bar masa ɗari ko ɗari biyu. A cikin taron nan kaf, shi kaɗai ne ke biyan kuɗin shayinsa nan take.