Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Hajiya Kalkuleta

Ranki ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan batirinki yana nan lafiya. Mai wannan wasiƙa magidanci ne da kika zubar wa da mutunci daren jiya a gaban 'yarsa, a hasken fitilar waya, domin tun magariba aka ɗauke wuta.

Aikin gida aka ba yarinyar. An jingina tsani mai tsawon mita 5 da katanga, ƙafarsa tana mita 3 daga gindin katangar, sai a nemo kusurwar da ke tsakanin tsanin da ƙasa. Uban ya gyara zama, ya rero SOHCAHTOA yadda aka sa su haddace shi da bulala, ya ce wannan aikin kosain ne: a raba 3 da 5, a sami 0.6. Har ya yi ƙarin bayani cewa a mita 4 tsanin ya taɓa katangar, irin ma'aunin 3, 4, 5 da magina ke fitar da kusurwar ɗaki da shi. Saura a mayar da 0.6 kusurwa. Ya danna SHIFT, ya danna cos, ya miƙa miki lambar.

Kika ce 0.927.

Yarinyar ta leƙo ta ce, "Baba, ai tsanin nan a kwance yake." Da gaskiyarta. Tsanin da bai tashi digiri ɗaya daga ƙasa ba, tabarma ce. Bawan Allah ya sake dannawa har sau huɗu. Ya zargi littafin, ya zargi malamin lissafi, uwar yarinya kuma tana daga ƙuryar ɗaki tana tambaya ko wannan ne kiredit ɗin WAEC da aka shekara ashirin ana ba ta labari.

Sai da safe ya tono tsohon littafinsa na teburin lambobi huɗu daga ƙasan akwati, wanda ba ya cin batir, ya ga digiri 53 da minti 8. Sannan ya ɗaga ki sama ya ƙura miki ido, ya hango wani ɗan harafin R a saman fuskarki, bai kai ƙwayar gero ba.

Ashe da radiyan kike magana! Radiyan ɗaya wajen digiri 57.3 ne, don haka 0.927 ɗinki shi ne 53.13. Wato ba ki yi ƙarya ba, kin dai amsa da yaren da ba a tambaye ki da shi ba. Wa ya aike ki? Tun zamanin Babila ake raba da'ira gida 360, ke kuma kin ɓoye harsuna uku a cikinki, har da giradiyan na Faransawa mai gida 400, wanda da a ce da shi kika yi amfani, da kin ce 59.03, yarinya ta kwafa ta kai makaranta hankali kwance. Kina da wurin jera lambobi goma, amma babu wurin rubuta gargaɗi?

Maganar murfinki da ya tsage da maɓallin 7 mai maƙalewa, a bar ta sai wani jiƙon.

Buƙatarsa ɗaya ce: harafin R ɗin nan ya girma yadda mai tabarau zai gan shi a duhu. In kin ƙi, mai shagon bakin layi yana neman abin lissafa canjin magi da omo.

Wassalam,
Uban 'yar aji biyu na babbar sakandare.